Aikin da Aka Ba Bakoji Masassaƙi

A shekara ta biyu da fara yaƙin basasa maganin Bakoji masassaƙi ya yanke. Wata 'yar ƙwaya ce da likitan Zariya ya ɗora shi a kai shekara shida da suka wuce, ya ce ya sha safe da yamma muddin ransa. Duk wata yakan taka daga Kusasu zuwa ɗakin shan magani na Birnin Gwari, Malam Andrawus mai ba da magani ya ƙunsa masa a takarda. Wannan karon Malam Andrawus ya kifa masa kwalbar a tafin hannu, 'yan ƙwayoyi suka faɗo, shi ke nan. Ya ce motocin kawo kaya sun tafi da soja, kuma shi ba zai ba shi maganin ciwon kai ya ce masa shi ne ba, don ba ya yi wa majinyaci ƙarya. Ya ce ya riƙa raba kowace biyu, sannan ya rubuta masa takarda zuwa babban asibiti a Kaduna, ko a dace.

Kafin Bakoji ya iso gida, labarin ya riga shi. Mutanen Kusasu ba su manta ba. Kafin a samo masa magani, ya taɓa fita da gatari ya farfasa tulunan mata a bakin rijiya, ya faɗa daji kwana tara yana amsa wa muryoyin da shi kaɗai ke ji. Da aka kamo shi aka zura ƙafarsa a turu, gungumen nan da ake ɗaure mai taɓin hankali, aka bar shi bayan gidan dagaci wata goma sha ɗaya. Tabon yana nan a idon sawunsa na hagu. Wannan sun riƙe shi daram. Abin da suka manta shi ne shekara shidan da suka biyo baya, alhali babu turmi ko ƙotar fartanya a garin da ba daga hannunsa ta fito ba. Haka mutane suke, kuma ba abin yabo ba ne.

Kwana uku da dawowarsa, da hantsi, Wakili Hammadu ya yi sallama. Wakilin dagaci ne, abokin mahaifin Bakoji tun suna samari. Ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi ruwan bana har sau biyu, sannan ya ce gara ta cinye tsohon turun gari, kuma bai kamata gari ya zauna babu irin wannan kaya ba. Akwai gungumen kirya a bakin daji, an riga an sare. Masassaƙi kuwa babu wani sai an je Gayam.

Bakoji ya ajiye gizagonsa, ya tambaya yaya ake son faɗin ramin ƙafar. Idon Wakili ya sauka kan tabon nan kafin ya tuna ya ɗauke shi.

"Baba Wakili, ga ƙafar kusa da kai," in ji Bakoji, ya miƙa ta. "Auna mana, kada in yi muku aikin banza."

Wakili ya yi tari, ya ce kayan gari ne, ba na kowa ba. Bakoji ya ce to, zai karɓi itacen.

Matarsa Ma'u tana bayan zana, ta ji komai. Wakili na fita ta ce su tattara su tafi wurin 'yan'uwanta, ko kuwa ya aika a ce ya fasa. Ya ce in ya fasa za a ɗauko na Gayam, ya yi abin a kwana biyu. In kuma ya gudu, za a ce ai ga shi nan ya fara, a biyo shi da igiya. Ta dube shi ta ce to ashe da hannunsa zai ɗaure kansa. Ya ce ta dai ba shi tuwonsa a kan lokaci.

Kwana huɗu ya yi a bakin daji. Kirya itace ne mai taurin kai, sai gatari ya yi tsalle kafin ya ci. Barcinsa ya soma raguwa. A rana ta uku yana cikin sara ya ji wani gunaguni can nesa, kamar kasuwa a ƙetaren rafi, alhali babu kasuwa ran nan. Ya san ko mene ne. Tsoro ya kama shi har ya zauna a kan gungumen yana zufa. Da ya koma gida bai ɓoye ba, ya gaya wa Ma'u cewa muryoyin nan sun fara tahowa, amma da saura.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Wakili ya zo da maza biyar, har da masu zuwa coci, don a kan wannan magana garin bakinsa ɗaya. Bakoji ya kai su bakin daji. Abin da suka tarar benci ne dogo, ƙafa huɗu daga jikin itacen, an goge shi sumul, mutum uku za su zauna a sake.

Salmanu mai keke, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya zagaya shi ya ce, "To, malam masassaƙi, ina ramin ƙafar? Ko tun yanzu kan ya juya?"

"Wannan ba na ƙafa ba ne, na mazaunai ne," in ji Bakoji. "Kuma naku ne. Ku ɗauka, ƙofar gidana za shi."

Suka ɗauka. Da aka dire shi a gindin ɗorawar ƙofar gida, Bakoji ya shiga ya fito da gatarinsa da gizagonsa da duk wani ƙarfe mai baki, ya zuba a gaban Wakili ya ce ya riƙe masa. Ya ce tsoronsu yana da dalili, shi ma yana jin sa, ya ma fi su ji. Maganin da ya rage ba zai wuce mako ba. Saboda haka kullum a turo masa maza biyu su zauna nan tare da shi, har ranar da ƙwaya ta zo. Ga kuma takardar Kaduna, tana jiran mai kai ta.

Wakili ya ce in kuma abin ya tashi fa.

"Ku riƙe ni da hannuwanku, Baba. Hannu ya san lokacin da zai saki. Wancan karon na dawo hayyacina tun wata na uku, ina kira, babu mai zuwa, don itace yana yi muku gadi. Ƙafar nan ba ta sake shiga itace. Wanda ya ce sai ta shiga, ya je ya koyi sassaƙa."

Salmanu ya ce shi dai tayar kekensa ta baya ta mutu, Kaduna kuma ba nan kusa ba ce. Bakoji ya ce ba komai, sai shi Salmanu ya fara zaman gobe.

Wakili ya daɗe a tsaye. Ba tausayi ne ya fara kama shi ba, kada a yi masa shaidar da bai cancanta ba. Kunya ce, ga mata sun taru a bakin zana suna kallo, ga kayan aikin mutum a gabansa. Ya tattare rigarsa ya zauna.

Lokacin noman farko ne, ciyawa tana cin dawa. Mutumin da ke zaune a ƙofar gidan wani daga safe zuwa la'asar yana hango gonarsa tana baƙi, ba ya manta dalilin zamansa. Zama biyu Salmanu ya yi. A rana ta uku tayar da ta mutu ta sami faci, ya karɓi takardar ya cusa a hula, ya ce in ya kai bakin titi zai jefa keken a kan kowace mota ta tsaya.

Ran nan Wakili ne ke kan bencin. Bakoji yana gefensa yana murza igiyar rama. Can ya tsaya, ya karkata kai.

"Sun iso, Baba."

Wakili ya dubi hanya, ya dubi ƙafar nan mai tabo a miƙe cikin rana. Ya matso har kafaɗarsa ta taɓa ta Bakoji, ya kama ɗaya bakin igiyar.

"To, su zauna su jira Salmanu," in ji shi. "Ci gaba da murzawa."