Mutum na Biyar

Ni dai a takarda ma'aikata huɗu gare ni. Amma ka shigo shagona da rana tsaka ka ƙirga kawuna, biyar za ka samu, ban da ni. Ba lissafi ne ban iya ba. Doka ce ta ce duk mai sana'ar da ma'aikatansa suka kai biyar sai ya yi rajista, ya biya harajin kowane kai, ya zuba musu kuɗin fansho da na inshora duk wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Mai huɗu kuwa ba ruwan kowa da shi. To ni da kujeru nake gyarawa, wata guda aiki ya cika mini shago, wata biyu in zauna ina korar ƙuda, ina zan kai wannan kaya? Sai na tsaya a huɗu. Kowa ma a layinmu a huɗu ya tsaya, mai walda huɗu, mai gyaran firji huɗu, kai ka ce haɗa baki muka yi.

Na biyar ɗin shi ne wanda yaran shago suke kira Kwastoma, ni kuwa Yaya nake ce masa don ya girme ni da shekara goma. Shekara goma sha ɗaya ke nan da wani otal ya ba ni aikin kujeru sittin, hannu ya yi mana kaɗan, aka kawo mini shi. Maigidansa na da ya rasu, shagonsu ya watse. Na ce masa aikin wata uku ne. Ranar farko na tsaya ina kallon yadda yake jan leda a kan soso, ba inda ta tattare, kusurwa ta fita tsaf, na ce a raina wannan ba mai tafiya ba ne. Wata uku suka wuce, ban ce ya tafi ba, ban kuma rubuta shi ba.

Sunan kuwa ga inda ya samo shi. Mai bincike daga ofishin ƙwadago yakan zo sau biyu ko uku a shekara, a kan babur, da jaka a rataye. Mai shagon bakin layi yana hango shi sai ya bugo mana waya. Nan da nan Yaya zai tuɓe rigar aiki, ya wanke hannu, ya karkaɗe garin soso daga gemunsa, ya zauna a bencin baƙi ya harɗe ƙafa. Har faɗa yake yi mana. "Sati uku ke nan kuna yi mini yawo da hankali a kan kujera ɗaya!" Akwai ranar da mai binciken ya ja ni gefe ya ce, "Haba Malam, ka sallami dattijon nan mana." Yana fita muka kwashe da dariya har da riƙe ciki, kuma tawa ta fi ta kowa. Yanzu in na tuna kunya ce take kama ni.

Wata Talata da hantsi ya ajiye almakashi ya ce, "Maigida, ina da magana." Muka fita bayan shago inda muke jibge tsofaffin katakai.

Ya ce, "Jiya na je ofishin fansho. Sun ce sai mutum ya yi shekara goma sha biyar a rajista kafin ya samu wani abu. Na ce musu na yi sha ɗaya. Yarinyar ta duba kwamfuta, ta sake dubawa, ta ce ba ni a ciki."

Sai ya miƙo hannayensa biyu a gabana. Na dama yana rawa, 'yar kaɗan, irin wadda sai ka zuba ido za ka gani. Ni kuwa na daɗe da gani, na yi kamar ban gani ba.

"Hannun nan in na lallaɓa shi zai kai ni shekara huɗu, biyar in Allah ya so. Ba zai kai sha biyar ba. Ka rubuta ni, Maigida. Da shekaruna."

Maimakon in ba shi haƙuri, wallahi sai na hau shi da faɗa. Haka halina yake, in aka taɓa ni inda ba ni da gaskiya sai murya ta tashi. Na ce, "Na taɓa riƙe maka albashi, Yaya?" Ya ce ban taɓa ba. "Da matarka ta kwanta asibiti, wa ya tsaya?" Ya ce ni ne. "To so kake a rufe shagon mu watse gaba ɗaya?" Ya ce, "A'a." Bai ɗaga murya ba, bai sunkuyar da kai ba, ya dai tsaya yana kallona har na gama. Sannan ya koma ciki ya ɗauki almakashinsa.

Kwana biyu ban yi masa magana ba sai ta aiki. Da safen na uku matata tana shirya yara makaranta na ba ta labari, ina jiran ta ce ina da gaskiya. Ko kallona ba ta yi ba, tana ɗaure wa ƙaramar igiyar takalmi ta ce, "Shekara goma sha ɗaya bawan Allahn nan yana shaƙar garin soso a shagonka. In ya faɗi gobe, wace takarda ce za ta ce ya taɓa yin aiki a duniya?" Na ce ba ta san kan sana'a ba. Ta ce, "Gaskiya ne, ban sani ba," ta riƙe hannun yaran suka fita. Na zauna da kofin shayi har ya huce. Daga nan ban nufi shago ba, ofishin ƙwadago na tafi.

Hawa na biyu ne, doguwar baranda da benci biyu, fanka tana juyawa tana ƙara. Na yi awa biyu a layi. Matar da na samu a teburin mai tabarau ce, mai sanyin magana. Na so a ce mai tsiwa ce in samu wanda zan sauke wa fushina, ina! Ta ba ni kujera, ta bayyana mini abin da zan riƙa biya duk wata a kan mutum biyar. Da nauyi, amma na auna na ga in na sayar da tsohuwar motar ɗaukar kaya na koma haya, zan iya. Har na ji wani sanyi a raina. Na karɓi fom na fara cikawa, suna, shekarun haihuwa, irin aiki. Sai na zo layin da aka ce ranar da ya fara aiki.

Na ce, "Hajiya, in mutum ya ɗan daɗe yana aikin fa kafin a rubuta shi?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Kamar yaushe?"

"A ce shekara goma sha ɗaya."

Ta ajiye biro. "In haka ne, tun daga ranar ma'aikatanka biyar ne. Za ka biya na baya, na su biyar ɗin duka, sannan ga tara." Ta danna na'urar lissafi ta juyo mini da ita.

Tirƙashi! Na kalli lambar har sau uku. Da keken ɗinki, da injin yankan katako, da motar, da duk abin da ke shagon har da ƙofarsa, ba za su kai rabi ba. Na ce, "Babu sassauci? A biya kaɗan-kaɗan?" Ta ce, "Da akwai da na gaya maka, Malam." Sannan ta ƙara da cewa a hankali, "Ni abin da ka rubuta shi zan shigar." Ta gane komai, kuma ba ta tambaye ni ba.

Na fito baranda na zauna da fom a cinya. Na tuna mai ɗinkinmu da 'ya'yansa shida, na tuna kafintan da bai fi wata biyu da aure ba, na tuna nawa yaran. Na tuna hannun Yaya. Na zagi wanda ya rubuta dokar, na zagi wanda ya sa mata hannu, na zagi kaina da na ce wata uku na bar shi ya zama shekara goma sha ɗaya. Zagin bai rage ko sifili ɗaya daga lambar nan ba. Da na ga masinja ya fara rufe tagogi, sai na ɗora fom ɗin a gwiwa na rubuta kwanan watan wannan ranar a matsayin ranar da ya fara aiki. Saura sa hannun ma'aikaci, aka ce in kawo gobe.

Na iso shago bayan la'asar. Yana durƙushe a gaban wata doguwar kujera, ƙusoshi a baki. Na ce, "Yaya, ga takardarka." Ya tofar da ƙusoshin a tafin hannu, ya goge hannu a riga sau biyu kafin ya karɓa. Fuskarsa ta washe, ban taɓa ganinta haka ba. Ya sa tabarau, ya bi layi-layi da yatsa yana motsa baki. Da ya zo kan kwanan watan, yatsan ya tsaya.

Mai ɗinki ya ɗauke ƙafa daga keke.

Na fara bayani, na ce tara, na ce na baya, na ce su biyar duka. Ya ɗaga mini hannu. "Na gane, Maigida. Mutum huɗu ne da iyalansu, ga kuma naka." Ya sake duba takardar. "Sha biyar daga yau, shekara nawa zan kai ke nan?"

Na ce, "Saba'in da uku."

Ya gyaɗa kai. Ya ce a ba shi biro. Ya ɗora takardar a kan hannun kujerar, ya riƙe wuyan hannunsa na dama da na hagu, ya rubuta sunansa cikakke, harafi bayan harafi. Ya miƙo mini, ya cire tabarau ya mayar aljihu.

"To," in ji shi, "tunda yau na zo, sai ka nuna mini inda zan fara."

Na ɗaga hannu na nuna masa kujerar da yake kai tun safe. Ya ɗauki gudumarsa ya durƙusa.