Awakin Kawu a Gindin Dam

Uwar Biyu mace ce da ba ta barin ko tsinke a tsakar ɗakinta. Yau ga ta durƙushe tana watsa kashin awaki a kan simintin da hannunta.

Ɗakunansu biyu ne a gindin dam ɗin da ke shayar da gonar Kawu, inda mijinta yake gadi, yake kuma buɗe ruwa zuwa lambu. Kawun mijin ne, ƙanin uwarsa. Da sassafe ya iso da mota cike da awaki, ya yi musu bayani yana murmushi: injiniya zai zo duba dam. In ya tarar mutane na kwana a ƙasansa, zai sa dam ɗin a sahun masu babban haɗari, dole a yi gyara. In dabbobi ne kawai, ƙaramin haɗari ne, magana ta ƙare.

"Yini ɗaya ne, 'yata. Ku kwashe kaya da yara ku kai bayan tudu."

Mijin ya ce "to, Kawu" tun kafin a rufe baki. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Ita kuwa ta san abin da ake rufewa. Tun da damina ta fara ruwa ke tsattsafowa daga jikin bangon ƙasar da ya tare ruwan dam ɗin, daidai bayan ɗakin da tagwayenta ke kwana. Kawu ya sa an jibge ciyawa a wurin, wai abincin awaki.

Injiniyan ya iso da hantsi. Ya hau bangon, ya auna, ya sauko. A ƙofar ɗakinta ya tsaya ya toshe hanci, wani bunsuru na fitsari a inda gadonta yake jiya. Sai ya juyo ya gan ta riƙe da bokitin shayar da dabbobi.

"Baiwar Allah, akwai masu kwana a nan?"

Ta dubi mijinta, shi yana duban ƙasa. Ta dubi Kawu, yana ta gyara hula. In ta ce e, Kawu ba dam zai gyara ba, su zai kora, ba su kuma da inda za su nufa. In ta ce a'a, 'ya'yanta za su ci gaba da kwana ƙarƙashin wannan ruwa.

"Awaki ne," ta ce.

Ba ta taɓa jin ƙyamar bakinta irin ta wannan lokaci ba. Injiniyan ya gyaɗa kai, Kawu ya raka shi mota har da buɗe masa ƙofa.

Ƙurar motar ba ta gama kwantawa ba hadari ya fara haɗuwa a gabas. Kawu ya hau tattara awakinsa da gaggawa, yana cusa su a bayan mota.

"Kawu, ka bar su zuwa gobe mana," in ji mijin. "In an kwashe su gobe, sai mu wanke wuri a tsanake."

Kawu ya tsaya da ɗan akuya a hannu, ya dube shi kamar ya ga mahaukaci.

"A nan? Ba ka ga yadda bangon nan ya jiƙe ba? Waɗannan masu ciki ne fa." Ya rufe bayan motar. "Ku yi sauri ku share, ku maido yaran kafin ruwa ya sauko."

Mijin ya ce, "To, Kawu." Sannan ya miƙa wa Uwar Biyu tsintsiya.