Babban Katin Badaru

Duk wanda ya ce ɗaukar hoto ba aiki ba ne, a rataya masa jakar Badruddeen na wuni guda, mu ga ko kafaɗarsa za ta yafe masa. Mutumin nan ya tsufa a tsaye cikin bukukuwan mutane. Suna, ɗaurin aure, walimar sauka, yaye ɗalibai, ko'ina za ka gan shi da hular sanyinsa yana faɗin "a ɗan matso, a ɗan matso," har muryar ta dushe. A unguwarsu ta Gangare, cikin Jos, Badaru ake ce masa. Gwiwarsa ta hagu ta daɗe da yi masa tawaye, idonsa kuma sai da tabarau. Ya gaji, kuma ba ya ɓoyewa.

Ranar Talata Faith ta kira shi daga Turai. 'Yar Baba Hezekiya ce, wani tsohon ma'aikacin kuza a Bukuru, kuma Badaru ne mai hoton gidansu tun tana yarinya mai gibi. Mahaifiyarta, Mama Ana, ta rasu, an sa jana'iza ranar Asabar. Faith ba za ta zo ba. Takardunta na zama ba su fito ba, in ta taka ƙafa waje ba ta da hanyar komawa.

"Kawu Badaru, abu ɗaya nake so," ta ce. "Za a buɗe akwatin a gida kafin a tafi coci. Baba ya hana kowa shiga da waya, ya ce fuskar matarsa ba za ta yi yawo a wayoyin mutane ba. Da ƙyar na roƙe shi ya yarda da kai. Ka ɗauko mini fuskarta a bidiyo, ta fito sosai. Sauran duk ban damu ba. Rabona da ita shekaru."

"In sha Allahu za ki gan ta," ya ce. Ya faɗa ne kamar yadda yake faɗa wa kowa, don a sana'arsa bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin abu mai wuya ba.

To, ga yadda masu hoto irin su Badaru suke aiki. Katin ajiyar hoto mai kyau guda ɗaya ne da mutum, shi ne jarinsa bayan kyamara. In an gama biki sai a kai katin wurin mai haɗa bidiyo, ya kwashe abin da ke ciki zuwa kwamfuta, a goge, a dawo da shi a shiga wani bikin. Ranar Juma'a Badaru ya cika nasa da wani ɗaurin aure, ya kai wa Lukuman, mai haɗa masa bidiyo, a Gada Biyu. Da sassafen Asabar ya koma karɓa, ya tarar da Lukuman zaune a ƙofar shago ya zuba tagumi. Babu wuta tun jiya, janareta ya ƙi tashi, kwamfuta ta mutu murus. Amarya da danginta suna nan cikin katin ba a kwashe ba.

"Oga, ko dai a goge?" in ji Lukuman.

"A goge auren mutane? Kai dai Allah ya shirye ka."

Haka ya ja ƙafa ya hau keke zuwa kasuwar Taminus, ana yayyafi, sanyi na shiga ƙashi. Shaguna ba su gama buɗewa ba, amma Obum ya buɗe nasa. Obum ɗan kasuwa ne mai fara'a, Hausarsa ta Jos ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ya zaro kati biyu ya ajiye a kan gilashi.

"Oga Badaru, kuɗinsu ɗaya. Wannan ƙarami ne, amma yana da gudu. Wannan kuma babba ne, giga ɗari biyu da hamsin da shida, amma gudunsa kaɗan ne. Kamar jarka babba mai ƙaramin baki. Zai ci ruwa da yawa, amma in ka juye da ƙarfi zai zube."

Badaru ya ɗaga tabarau ya duba ƙananan lambobin da ke jikin katunan. Shi dai a rayuwarsa babbar lambar yake karantawa, sauran ya ɗauke su ado. Abin da ke ransa daban ne. A Gangare, in mutum ya rasu da safe, kafin azahar an sallace shi an kai shi an dawo ana karɓar gaisuwa. Amma jana'izar su Baba Hezekiya? Wayyo! A fara a gida, a tafi coci, mawaƙa su yi, zumuntar mata su yi, fasto ya yi wa'azi, wakilin dangin miji ya yi jawabi, na dangin mata ya tashi ya ce shi ba zai tsawaita ba, ya tsawaita. Sannan a nufi kabari, a dawo a ci abinci. Tsoron Badaru ɗaya ne, kada kati ya cika masa ana tsakiyar hidima, ya tsaya yana raba ido a gaban jama'a.

"Ba ni babban. Jana'iza za ni, ta wuni guda."

"Bidiyo mai nauyi za ka yi?"

"Obum, tun kafin ka zo garin nan nake bidiyo."

Ya zura katin a kyamara, ya ɗauki Obum yana ɗaga hannu, ya duba, ya fito lafiya lau. Shi ke nan, ya biya ya kama hanyar Bukuru. Bai tuna cewa kyamarar tana kan saitin da yake bikin yau da kullum da shi ba, wanda ko wane tarkacen kati zai iya ɗauka.

Gidan Baba Hezekiya ya cika maƙil. An kafa rumfuna har bakin titi, mata cikin anko suna waƙa a hankali, ruwa na ɗiga daga gefen tamfol. Dantong, babban ɗan gidan, ya tare shi a ƙofa ya kama hannunsa.

"Malam Badaru, ka makara. Baba ya ce buɗewa ɗaya ce, kuma ba za a daɗe ba. Da ma ba da son ransa ba ne."

Falon ƙarami ne, labule a sauke, kyandir biyu a kan tebur. Akwatin yana tsakiya a kan benci. 'Yan gida kaɗai aka bari, sai fasto, sai Badaru. Baba Hezekiya yana zaune a kujera cikin baƙar kwat da ta yi masa yawa, ya ɗago ya dube shi.

"Mai hoto, ka zo."

"Na zo, Baba. Allah ya ba da haƙuri."

"Ka yi wa yarinyar nan abin da take so. Ita kaɗai za ta gani, ka ji?"

"Na ji, Baba."

A nan ne Badaru ya yi abin da yake ganin kirki ne. Ɗakin da duhu, Faith kuma ta ce fuskar ta fito sosai. Sai ya shiga saiti ya ɗaga bidiyon zuwa mafi girma da kyamarar take da shi, wanda ko gashin gira sai an ƙirga. Bai taɓa yi wa wata amarya wannan ba. Ya tsaya ta wajen ƙafar akwatin, ya danna. Fasto ya yi gajeriyar addu'a. Dantong da wani ƙanin babansa suka sa hannu a murfin, suka fara ɗagawa.

Kyamara ta tsaya.

Rubutu ya fito a gilashin cewa ɗauka ta katse, wata 'yar jar fitila a gefe ta kama ƙyaftawa. Katin yana ta faman haɗiye abin da aka ɗura masa. Badaru ya danna, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Ya gwada ɗaukar hoto ko guda, kyamarar ta ƙi, ita ma jiran katin take. Innalillahi! Zufa ta keto masa cikin wannan sanyin. A ɗakin wata ta fashe da kuka, wata ta riƙe ta, shi kuwa idonsa na kan fitilar nan yana roƙonta a zuci ta mutu.

Da fitilar ta mutu ya danna da sauri. Amma mata sun riga sun kewaye akwatin, bayansu da ɗankwalayensu kawai ya samu. Ya matsa gefe yana "a ɗan ba ni hanya, don Allah," gwiwar nan ta soke shi, ya daure ya ɗaga kyamarar sama da kawunansu. Kafin ya daidaita ta, ta sake katsewa. Jar fitila ta dawo.

Sai a lokacin maganar Obum ta faɗo masa. Ya sunkuyar da kai yana laluben saiti don ya rage nauyin bidiyon, tabarau ya yi hazo, ya shiga inda ba nan ba, ya fito, ya sake shiga. Ya samu. Ya rage. Ya ɗago kai.

An rufe. Ƙanin baban yana ɗaure kusoshin murfin, Baba Hezekiya ya kifa fuska a tafin hannunsa.

Kada ku ce bai yi ƙoƙari ba. A harabar coci ya ja Dantong gefe ya gaya masa gaskiya, ya roƙe shi ko a bakin kabari a ɗan ɗaga murfin, ko na ƙiftawar ido. Dantong ya dube shi kamar bai gane yaren ba.

"Malam Badaru, ka ga tsohon nan kuwa? Tun da aka rufe bai ce uffan ba. Kana so in je in ce masa a sake buɗe matarsa a gaban duk jama'ar nan, kowa da waya a hannu, saboda kati? In kana iyawa, ga shi can."

Badaru ya duba. Mutum biyu ne suke riƙe da Baba Hezekiya suna hawa da shi matakala, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ya yi taku biyu wajensa, ya tsaya. Bai iya ba.

Abin takaici, daga nan katin bai ƙara yin gardama ba. Ya ɗauki mawaƙa, ya ɗauki wa'azi daga farko har ƙarshe, ya ɗauki mai cewa ba zai tsawaita ba. Ya ɗauki saukar da akwati, da zuba ƙasa, da furanni, da masu rabon shinkafa, da wata mata da ta cika jaka da lemo tana waige-waige. Badaru ya bi su duka yana ɗingishi, don bai san me zai yi da hannunsa ba in ya sauke kyamarar. Da aka watse ya duba, ko rabin katin ba a ci ba. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

Bayan la'asar yana zaune a kan dakalin wani shago kusa da tashar Bukuru, ya miƙe ƙafar da ke ciwo, wayarsa ta yi ƙara. Ya san ko wace ce. Ya bar ta ta yi ƙara har ta kusa katsewa, sannan ya ɗauka.

"Kawu, an gama? Ka samu? Turo mini wancan kawai, sauran ko wani sati."

Ya gaya mata. Bai ɗora wa wuta laifi ba, bai ɗora wa Lukuman ko Obum ba. Ya ce an nuna masa kati biyu, ya zaɓi babba ya bar mai gudu, kuma a daidai lokacin da aka buɗe katin ya kasa. Abin da ke hannunsa shi ne hannun yayanta a kan murfi, da bayan mata.

Yana jin numfashinta, da ƙarar wata mota can a ƙasar da take. Ya shirya wa faɗa, har so yake ta yi, ko ya ji sauƙi. Ba ta yi ba. Da ta yi magana, muryar ta gaji fiye da tasa.

"To. Ya riga ya faru." Ta ja hanci. "Amma kai ka shiga ɗakin, Kawu. Na tambayi Dantong, ya ce kamar tana barci. Anti ma ta ce kamar tana barci. Kowa abin da yake faɗa ke nan don in yi shiru. Kai mai hoto ne, kai kake lura da fuska. Gaya mini yadda take. Ta rame sosai? Furfurar ta cika kan? Wane ɗankwali suka ɗaura mata?"

Badaru ya rufe ido ya koma falon. Ga kyandir, ga labule, ga kwat ɗin Baba Hezekiya. Ga jar fitila, tana ƙyaftawa, ya san girmanta, ya san inda take, zai iya zana ta. Ya nemi abin da ke cikin akwatin, taku uku daga inda ya tsaya, a buɗe. Babu komai a wurin. Ko launin ɗankwalin babu.

"Faith," ya ce, "ban kalle ta ba."

"Ban gane ba. Kana ɗakin fa, Kawu."

"Ina ɗakin," ya ce. "Kyamara nake kallo."