Irin Yakuwa a Kwalin Yuni

Tun watan Satumba teburin cin abinci na gidan Hansatu ya zama makaranta. Ƙarfe takwas na safe take zaunar da 'ya'yanta biyu, Aliyya mai shekara tara da Haula mai shida, kuma sau tari har la'asar ba a tashi ba. Ga lissafi, Turanci, kimiyya da hadda, sannan ga aikin hannu: zane, ɗinki, taswirar kwaɓaɓɓiyar fulawa, da wani dutse mai aman wuta na takarda da ya kwana uku bai bushe ba. Duk abin da ta ga matan da ke karantar da 'ya'yansu a gida sun sa a intanet, sai ta ƙara. Ita sakandare ta gama a Zariya, su kuwa masu digiri ne. Gani take in ta rage wani abu za a ce ba ta iya ba.

Mijinta Abdussalam yana aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington. Da asuba yake fita, ƙarfe ɗaya ya dawo gidansu da ke hawa na tara a Alexandria, ya ci abinci a tsaye a kicin saboda babu wurin ajiye faranti.

Wata Talata cikin Fabrairu ya fito daga ɗaki wajen huɗu saura, ya tarar Aliyya ta kifa kai a kan littafin lissafi tana kuka.

"Hansatu, ba faɗa nake yi ba," in ji shi. "Amma in zuwa ƙarshen Maris haka za a ci gaba, Satumba makarantar gwamnati za su koma. Ga bas har ƙofa, kuma can ƙarfe uku an tashi."

Washegari ya zo da takardar rajista ya manna a jikin firij.

"To," kawai ta ce. Ba ta iya musu ba. Amma ta tuna shekarar da Aliyya ta yi a aji biyu ba ta buɗe baki ko sau ɗaya ba, har malamar ta zaci ba ta jin Turanci. Ita ma haka ta yi tata makarantar, a bencin baya. Ba za ta mayar da yarinyar can ba.

Kwana uku ta yi tana kallon agogon kicin. Ainihin karatun awa huɗu ne da ɗan ɗoriya. Sauran duk a fito da fenti, a nemo almakashi, a goge gam, a raba faɗa kan jan launi. Ranar Asabar ta ɗauko kwalin da aka sayo doya a ciki, ta rubuta YUNI a jikinsa, ta zuba komai: fenti, zare, dutsen takarda, har da wani ambulan na irin yakuwa da maƙwabciyarsu Martha Katung ta ba Aliyya. Ta liƙe da salatif ta tura saman kabad.

"Daga yau ƙarfe ɗaya an tashi," ta gaya musu. "Waɗannan sai lokacin zafi, in mun rufe littattafai. Ranar nan ko wuni za ku yi a kansu."

"Har da irin?" Aliyya ta tambaya da Turanci.

"Har da shi."

Aliyya ta bi kwalin da kallo. Kuka ya tsaya, amma aiki ya ƙi tafiya. Sai ta fiƙe fensir sau biyar. Tambaya ɗaya ta rabawa sai ta zura mata ido kamar za ta amsa kanta. Ranar Litinin biyu da kwata suka tashi, Laraba biyu da rabi. Abdussalam yana nan a tsaye a kicin da farantinsa. Maris ya shiga kwana na goma.

A ɗakin wanki na ƙasan bene Hansatu ta haɗu da Martha, nas ce 'yar Kafanchan, tana da ɗan fili a lambun unguwa.

"Maman Aliyya, kun shuka?"

"Na ajiye sai Yuni, Anti. Ai lokacin shuka ke nan."

Martha ta saki zanen gadon da take ninkewa ta yi dariya. "A ina? A Zariya? Ke nan ruwan farko kike jira? Yakuwa wata biyar zuwa shida take so kafin ta ba ki soɓo. Kika shuka a Yuni, tana fara fure sanyi zai sauko ya ƙone ta ƙurmus. Shekarata ta farko haka na yi, mijina Bartholomew har yau tsokanata yake, wai manomiyar ganye. Yanzu ake sa shi a cikin ɗaki, bakin taga. Ai na yi wa ɗiyarki bayani duka. Ba ta faɗa miki ba?"

"Ba ta faɗa ba."

"To wa ta biyo?" in ji Martha, tana kallonta ta saman tabarau.

A cikin lif Hansatu ta riƙa juya maganar. In ta buɗe kwalin nan, Haula za ta ce fenti, gobe a ce zare, kafin mako teburin ya sake cika. In ta bar shi a rufe, yarinyar za ta ci gaba da fiƙe fensir har ƙarshen wata.

Da ta shiga ta hau kujera, ta yanka salatif ɗin daidai shigar hannu, ta lalubo ambulan, ta sake liƙewa. Ta ajiye shi a gaban Aliyya tare da kwalin ƙwai da babu komai a ciki.

"Me ya sa ba ki gaya mini sanyi zai kashe ta ba?"

Aliyya ta sunkuyar da kai. "Kin riga kin liƙe."

"Ko na liƙe a gaya mini. Saurara. Wannan ba darasi ba ne. Ba rubutu, ba auna tsawo, ba zanen ganye. Aikin gida ne, kamar wanke-wanke. Kuma ba mai taɓa shi sai an kwashe tebur. An kai ɗaya da minti ɗaya, ranar ni zan ba shi ruwa."

"Ni fa fentina?" in ji Haula.

"Sanyi yana kashe fenti?"

Haula ta yi tunani sosai. "Kaɗan."

"Yuni."

Washegari ɗaya da minti goma suka tashi. Hansatu ta ɗauki kofi ta ba irin da suka shuka a kwalin ƙwan ruwa da kanta, Aliyya tana tsaye tana kallo, idonta ya ciko. Hansatu ba ta waiwaya ba. Rana ta biyu kuwa, ɗaya saura biyar an rufe littafin ƙarshe.

Ranar Alhamis ta makon ƙarshe na Maris Abdussalam ya yi sallama, ya miƙe kicin kamar kullum, ya ga ba farantinsa. Farantin yana kan tebur, tuwo da miyar kuɓewa, kamar yadda yake samu kwana goma ke nan ya kasa sabawa. Ya ja kujera ya zauna.

"Malama, ina ɗaliban?"

"An tashi."

Suna bakin taga. Tsiro tara ya fito cikin goma sha biyu, kuma Aliyya ta cika ruwa har yana ɗiga a kan kafet.

"Baba, ba ni takarda in sa a ƙasa," ta ce, da Hausa. "Maza, Mama za ta gani."

Abdussalam ya duba hagu da dama. Ya tashi da loma a hannu, ya zare takardar da ke jikin firij, ya miƙa mata. Hansatu tana gani. Ta ƙara masa miya.