Minti Huɗu a Gado na Shida

Ranar Talata zuciyata ta kusa tsayawa a gado na shida, a makarantar koyon jinya da ke birnin Daegu.

Tun rasuwar matata nake zuwa can ina kwanciya a matsayin majinyacin ƙarya. Shekara talatin ina koyar da tarihi, ga inda na ƙare: a ba ni takarda in haddace ciwo, ɗalibai su gwada iliminsu a kaina.

A bana aka raba musu allunan kwamfuta masu ba da maki. Ka yi tambayar da ta dace, tauraro ya fito, sunanka ya hau a bangon zaure. Yaran da a da sai an kora su aji suka koma tsere. Shugabar makaranta ta ce himma ce. Ni dai na lura an daina kallon fuskata.

Wata ɗaliba, Pyo Da-som, ce ta ɗaya a bangon. Ciwon ciki aka rubuta mini ranar. Tana cikin tambayoyinta na ji kamar an ɗora mini turmi a ƙirji, hannun hagu ya mutu, gumi ya karyo. Can na ce mata ƙirjina ne.

Ta duba allo, ta sunkuyo tana murmushi. "Baba, ciki fa aka ce. Ko tsufa ya cinye haddar? Kar ka kayar da ni."

Na so in yi magana, numfashi ya ƙi. Ina kallon agogon allon yana tafiya, yatsanta na neman gurbin ciwon ƙirji da babu shi. Na gane a nan zan mutu, kewaye da masu farin kaya, ana jiran in gyara kuskurena.

Ban san me ta gani ba. Allon dai ya faɗi ƙasa, yatsu masu sanyi suka kama wuyan hannuna, ta ƙwala wa malamarsu kira.

Kwana goma sha ɗaya na yi a asibiti. Da na fito aka ce ta bar karatun. Na'urar ta rubuta minti huɗu tsakanin kokena da kiranta, kuma kowa ya gani. Ta koma garin Pohang wurin iyayenta, ba ta ɗaga waya.

Na'urar ba ta san sauran ba. Ciwon ya riga maganata da minti goma. Na yi shiru ina ta riƙe ciki, don ina tsoron in ɓata darasi a maye gurbina da allo, in koma gidan da ba kowa. Abin da ban samu na faɗa mata ba ke nan: 'yata, ni na fara bin takardar kafin ke ki bi allo.