Dabinon Malam Sale a Kofin Gilashi

Malam Sale na unguwar Limawa ya yi shekara talatin yana masinja a sakatariyar Dutse. Da ya yi ritaya sai ya shuka dabino arba'in a gonarsa ta bayan gari. Daga ƙwallo ya shuka su, kuma mai shuka dabino daga ƙwallo ba ya gane mace da namiji sai sun yi fure. Mace ce ke yin 'ya'ya. Maza biyu sun ishi gona irin tasa barbara, sauran ruwa kawai suke sha a banza. Shekara huɗu yana ban ruwa, rijiya tana ja baya duk bazara. Abin da ya rage masa haƙurin shekara ɗaya ne ko biyu, shi kuwa ya gagare shi.

Ana haka sai ga Zuhair, ɗan ƙanwarsa, wanda ya gama jami'a shekara uku da suka wuce, ba abin da yake yi sai shafa waya. Ya zo ranar Asabar da safe sanye da farar rigar likitoci ta gwanjo, da kwalbar sifirit ɗin goge rauni a cikin bokitin ƙanƙara.

"Kawu, zamanin jiran fure ya wuce," in ji shi. "Akwai wani zare a jikin kowace halitta, DNA sunansa. A nan aka rubuta mace ko namiji. Yau zan fito maka da shi ka gani da idonka."

Ya ɓare ayaba ya dame ta a leda, ya zuba ruwa da ɗan gishiri da sabulun wanke kwanuka, ya tace da rariya a kofin gilashi. Sannan ya karkata kofin, ya tsiyaya sifirit mai sanyi a hankali ta gefe. Wani farin abu mai yauƙi ya taso, ya naɗo shi da tsinken sakace. Malam Sale ya yi salati har sau uku. Dattijo mai furfura, an nuna masa abu kamar majina a tsinke, ya miƙa gonarsa.

Suka tafi gona da turmi. Zuhair ya riƙa yanko ɗanyen ganye daga kowace bishiya yana kirɓawa, yana yi masa abin da ya yi wa ayaba. Dokar da ya kafa ita ce, zare mai kauri mace ce, tunda ita ke haihuwa, ɗan kaɗan kuwa namiji. A ina ya samo wannan doka? A kansa. Sun faro daga layin gabas, kofi bayan kofi sai mata. Da rana ta take, ƙanƙara ta koma ruwan ɗumi, sai maza suka fara fitowa. Kafin la'asar an shafa wa ashirin da biyu jan fenti. Washegari Malam Sale ya ɗauki gatari ya kwantar da goma sha biyu, bayansa ya riƙe, ya bar sauran sai Litinin.

Da yamma 'yarsa Rukayya ta iso daga Taura, inda take koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata. Ta tarar da su a tsakar gida, Zuhair ya miƙe ƙafa yana cin dabino a faranti. Da ta ji labari sai ta ajiye jakarta.

"Kai taubashi, yaushe ka zama likita? Rigar ma aljihunta da sunan wani."

"Hassada ce," Zuhair ya ce yana tofar da ƙwallo. "Ke ki tsaya a allo da alli."

"Baba, wannan abin duk zango ina yi da 'yan aji ɗaya. Da ayaba mun yi, da kankana, har da albasa. Zaren gaskiya ne, amma kowane abu mai rai yana da shi. Karanta abin da ke cikinsa sai da injina a ɗakin bincike."

"Ke dai ki yi shiru," Malam Sale ya ce. "Na gani da idona. Yaron nan jami'a ya yi."

Rukayya ba ta ƙara musu ba. Ta zaga bayan ɗaki, ta dawo da ɗanyen ganye.

"To likita, gwada mana wannan. Wata ƙawata ce ke son sani."

Zuhair ya gyara riga, ya kirɓa, ya tace, ya ɗauko kwalbar da ta yini a kan taga cikin rana ya tsiyaya. Da ƙyar wani ɗan hazo ya nuna. Ya ɗaga kofin sama yana kanne ido.

"Namiji ne. Ki ce mata ta sare."

"Ka tabbata?"

"Na rantse."

"Madalla. Dabinon bayan ɗakin nan ne, wanda Kaka ya shuka. Daga kansa aka sauko da abin da ke bakinka."

Zuhair ya daina tauna. Rukayya ta shiga maƙwabta ta samo ƙanƙara, ta binne kwalbar a ciki. Da ta yi sanyi, ta ɗauki ganyen ɗaya daga cikin waɗanda aka sare, wanda mahaifinta ya kwaso don saƙa tabarma, ta yi masa aikin da hannunta. Zare ya taso da kauri har ya naɗe tsinke.

"Ga namijinka na jiya ya koma mace. Sifirit in ya yi ɗumi ba ya fito da zaren sosai. Ko ba ku lura duk matan na safe ne, duk mazan na rana ba? Ƙanƙararka ka auna, likita."

Malam Sale ya dubi kofin.

"Kenan mata na sare?"

"Allah ne ya sani, Baba. Kofin nan dai bai sani ba."

Zuhair ya ce a bidiyon da ya koyi abin a waya ba a yi bayanin wannan sosai ba. Ya naɗe rigarsa, ya tari a-daidaita-sahu ko sallama bai yi ba. Ni kam laifinsa kaɗan nake gani. Wawa da farar riga ba ya sare bishiya sai ya samu wanda zai ɗaukar masa gatari.

Ranar Litinin Malam Sale ya tafi gona da tsumma da kananzir, ya goge jan fenti daga goman da suka tsira. Bayan shekara guda suka yi fure, bakwai a cikinsu mata. Kututture goma sha biyun suna nan a layin yamma, kuma har yau in ya zo ban ruwa ta gabas yake zagayawa.