Kada a Taɓa Su

Mutanen daji suka ɗauke yayana Mas'udu a gonarmu ta Kucheri. Babur suke so, sabo, kafin Juma'a. Mun sayar da awaki da geron da ya rage, abin bai kai ko'ina ba.

Sai Inna ta tono wata 'yar tukunya a ƙarƙashin gadonta a Tsafe. Sulallan azurfa ne na zamanin Turawa, na kakanmu, a naɗe cikin tsumma. Bai kashe ko ɗaya ba har ya mutu. Sun yi baƙi ƙirin, wasu da shuɗi-shuɗi a baki kamar wuyan tattabara.

Na ɗauki hotonsu na tura wa Alhaji Faruk, mai sayen tsofaffin kuɗi a kasuwar Gusau. Nan take ya kira ni.

"Khalid, in haka suke a ido, ka samu babur ɗinka. Akwai masu tara irinsu a Legas. Amma kada a taɓa su. Ka ji ko? Kada a taɓa su."

Haka na faɗa wa Inna, kalma da kalma. Ta ce to. Na wuce Bungudu wurin Kawu Lawwali neman kuɗin mai da na ɗan aiken da zai shiga daji da babur. Ya ba ni abin da yake da shi, bai dubi fuskata ba.

Da na dawo Inna ta riga ta ƙulle sulallan a sabon ƙyalle. Yatsunta duk sun yi fari sun tattare. Na gani, ban kawo komai a raina ba.

A rumfarsa Alhaji Faruk yana da farantai uku. Na farko na kuɗin da bai zaga hannu ba, na biyu na wanda ya sha kasuwa har kan sarkin da ke jikinsa ya shafe. Na ukun na maƙera ne, a auna a narke a yi zobba.

Na kwance ƙyallen. Haske ya doke mu, fari fat.

Alhaji ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da ido.

"Wa ya yi wanga aiki?"

"Wane aiki, Alhaji?"

Ya miƙo mini ƙaramin gilashinsa mai ƙara girman abu. Na duba. Fuskar sarkin duk zane ne, sirara kamar gashi, a kewaye.

"Toka da tsamiya," ya ce. "Wancan baƙin da ka raina, shi aka saye. Shi ne shaidar babu hannun da ya goge su tun da aka buga su. Yanzu mi zan gaya wa mutanen Legas?"

"Ai azurfar tana nan."

"Tana nan. Ita zan biya."

"A bar su su sake yin baƙi mana."

"Sai jikokinka. Kuma zanen ba ya komawa, ɗan samari."

Ya bi su ɗai-ɗai yana juyawa, ko akwai wanda ya tsira. Inna ba ta aikin ha'inci. Babu wanda ta tsallake. Duka suka tafi faranti na uku. Ya ƙara mini wani abu daga aljihunsa, ya ce ba ciniki ba ne. Ko rabin babur bai kai ba.

A mota na yi ta shirya abin da zan ce wa Inna. Da na shiga gida tana tsakar gida a kan tabarma, da carbi.

"Inna, ba na ce kada a taɓa su ba?"

"Wallahi ban taɓa ko ɗaya ba. Yadda kakanka ya bar su haka suke, ka ƙirga. Wanke su kawai na yi. Ya za a kai wa babban mutum abu da dauɗa, kuma a kan ran yayanka?"

Tun asuba take gurza, in ji ƙanwata Shafa'atu, har tsamiya ta cinye mata fata.

"Ya yaba?" Inna ta tambaya.

"Ya ce sun yi haske."

Ta yi murmushi, karo na farko tun da aka tafi da shi.

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Lambar da na sani ce. Na fita waje, na ja ƙyauren sosai don kada ta ji, na ɗauka.

"Ina babur?" mutumin ya ce.

Can bayansa ina jin Mas'udu yana tari.